Wasiƙa zuwa ga Baba daga Bradford

Bradford, Ingila
14 ga Nuwamba, 2025



Baba, bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Mun gaisa a waya, amma yara ba su bar mu mun yi magana ba, kuma abin da ke bakina ya fi ƙarfin waya. Ka yi shekaru kana riƙe da makaranta, saboda haka kai ne za ka fi gane abin da na ƙulla a nan, kuma akwai inda nake neman hannunka.

Hanya ba ta ba ni wahala ba. Daga Abuja jirgi ya sauke mu a Landan, na hau jirgin ƙasa daga tashar King's Cross zuwa Leeds, tafiyar awa biyu da ɗan abin da ya ɗora, daga can kuwa Bradford kusa ce. Malamar da muke aikin haɗa makarantunmu tare ita ta tarbe ni. Ka tuna mun san juna ne ta shirin nan na British Council mai suna Connecting Classrooms, kuma ko da shirin ya zo ƙarshe ba mu daina musayar saƙo ba, sai dai ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba sai yanzu. A gidan wata abokiyar aikinta Musulma aka sauke ni, don haka ka kwantar da hankalin Umma game da abinci da salla. Abin da har yanzu jikina bai saba da shi ba shi ne gajartar yini. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci an yi magariba, azahar da la'asar kuma suna bin juna ba tazara, ga yayyafi ba ya ɗaukewa.

Bradford da kewayenta tana da mutane sama da dubu 540 a ƙidayar 2021, kuma wajen kashi 30 cikin ɗari Musulmi ne. Yawancinsu asalinsu Pakistan, musamman yankin Mirpur na Kashmir. Kakanninsu sun zo a shekarun 1950 da 1960 yin aiki a masaƙun ulu, galibi aikin dare. Jikokinsu ne suka cika makarantar da nake zuwa, tare da 'ya'yan Turawan garin da na mutanen gabashin Turai da 'yan Afirka kaɗan.

Makarantar ta firamare ce, kamar tamu. Aji ba ya wuce yara talatin da yawa, ga ƙananan aji kuwa, na 'yan shekara biyar zuwa bakwai, doka ce ta ƙayyade talatin ga malami guda. Kusan kowane aji akwai mataimakiyar malama. Tun 2014 gwamnati ke ciyar da yaran shekaru ukun farko abincin rana kyauta, kuma akwai naman halal. Ajina kuwa ka san yadda yake, ba sai na faɗa maka ba. Amma kada ka ɗauka babu talauci a nan. Akwai yaran da sai sun zo makaranta suke karya kumallo, kuma a bakin ofishin shugaba na ga kwandon da iyaye ke ajiye kayan abinci domin gidajen da suka rasa. Malamai ma suna kuka da yawan cike takardu da fargabar zuwan sufetocin Ofsted, kamar yadda kuke fama da naku sufetocin a zamaninku.

To Baba, ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Ranar da muka zauna tsara aiki, shugabar makarantar ta zo da takarda ta jero abin da suke son yi. Yara za su yi gasar gudu su tara kuɗi a aiko mana. Akwai tsofaffin kwamfutocin da suka daina amfani da su, za a zuba a akwati a turo. Sai littattafan karatu da iyaye za su tattaro daga gidajensu. Da zuciya ɗaya suka kawo wannan, ban ga raini a fuskar kowa ba. Kuma Allah ya sani muna da buƙata. Rufin aji biyu yana yoyo, benci bai ishe mu ba, wani lokaci alli ma daga aljihunmu yake fitowa. Ban kuma manta cewa tikitin da ya kawo ni iyayen yaransu ne suka haɗa kuɗinsa ba. Duk da haka na yi musu godiya, na ce ina roƙon kada mu fara da wannan.

Dalilina shi ne yaran. Idan abu na farko da yaron Bradford ya sani game da Kano shi ne wurin da ake tara wa kuɗi, to da wannan zai girma, ko da daga baya an ba shi labarin ganuwa da Kurmi da Gidan Makama. Idan kuma abu na farko da yarinyar ajina ta sani game da Ingila shi ne wurin da akwati ke fitowa, to mun koya mata zaman jira, mun koya mata cewa ita ba ta da abin bayarwa. Wannan darasi ya fi duk wanda zan rubuta a allo kama zuciya, kuma ba na son in zama malamar da ta koyar da shi. Bayan haka akwai abin da ka sha ba mu labari, yadda kayan gudummawa ke ƙarewa a sito an garƙame da kwaɗo, hedimasta yana tsoron a lalata a tambaye shi, har ƙura da ɓera su gama da su. Kwamfutar da ta tsufa a inda wuta ba ta ɗaukewa, me za ta yi a ajin da ba a ja masa waya ba? Kuma zumuncin da aka gina a kan kuɗi, ranar da kuɗin ya tsaya ranar yake mutuwa.

Na ce musu ni adashi nake so mu yi: kowa ya zuba, kowa ya ɗauka. Sai da na yi musu bayanin yadda su Umma suke yin nasu, suka yi dariya suka ce iyayen yaransu 'yan Pakistan ma suna da irinsa. Shugabar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ture takardarta gefe ta ce to me Kano za ta zuba, me Bradford za ta zuba. A gaskiya ta burge ni, don ba kowane shugaba ne baƙo zai ƙi tayinsa a gaban malamansa ya karɓa da sakin fuska ba.

Amsar ta zo ne daga wata ziyara da suka kai ni. A gefen gari akwai wani ƙauye, Saltaire, wanda wani attajiri mai suna Titus Salt ya gina. A 1853 ya buɗe katafariyar masaƙa a bakin kogin Aire, ya gina wa ma'aikata gidajen dutse da makaranta da asibiti da coci. A wancan zamani Bradford ce cibiyar cinikin ulu ta duniya. Masaƙar ta rufe a 1986, yanzu ta koma wurin baje zane-zane da shaguna, kuma a 2001 UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya. Ina tsaye a cikin dogon zauren masaƙar da babu ƙarar inji ko ɗaya, sai Bompai da Sharaɗa da Challawa suka faɗo mini a rai, da masaƙun Kaduna, da su Kawu da suka wayi gari ba aiki. Kano da Bradford da tufafi suka yi suna, kuma dukansu sun ga rufewar masaƙa. Mu ma ai ba baƙin wannan sana'a ba ne. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, shekara biyu kafin a buɗe masaƙar Salt, ya tarar ana kai saƙar Kano da rininta har Tumbuktu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata kuwa har gobe ana tsoma zane a cikinta, mabuga suna bugu, Kura tana yi wa Buzaye rawani.

A kan wannan muka tsaya. 'Yan aji biyar namu da nasu za su yi shekara guda suna bin tarihin tufafi a garuruwansu, kowane ɓangare yana koyar da ɗayan. Zangon farko gabatar da kai ne: kowane yaro zai rubuta wasiƙa da hannunsa, ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta, ya faɗi sana'ar gidansu. Zango na biyu shi ne zuciyar aikin. Namu za su je karofi su ga yadda ake haɗa shuni da toka, su tambayi marina me ya sa zane ke fitowa kore-kore daga rami sannan iska ta mai da shi shuɗi, mu dawo aji mu yi darasin kimiyya a kai. Za su shiga Kantin Kwari su tambayi farashin atamfa da shadda da inda ake kawo su, mu yi lissafi da shi. Nasu za su bi ulu tun daga bayan tunkiya har ya zama rigar sanyi. Sannan kowane ɓangare zai zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙa ya ɗauki muryarsu: yaya aikin yake, nawa ake biya, me ya faru ranar da aka rufe ƙofa. A zango na uku za mu haɗa komai ya zama ɗan littafi guda, Hausa da Turanci a jere. Wata malama ta ce a bar wa yaransu fili su sa Urdu da sauran harsunan gidajensu, na ce madalla. Su ma da yawansu da wani harshe suke tashi a gida, da wani suke karatu, irin halin da namu ke ciki.

Wani abu ya faru ranar Talata da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ranar 11 ga wata ce, ranar da suke tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, don a irin wannan rana aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na farko a 1918. Kowa ya maƙala jan fure na takarda a ƙirji, da ƙarfe sha ɗaya makaranta gaba ɗaya ta yi tsit na minti biyu. Bayan nan aka ce in yi wa 'yan aji shida magana. Na ba su labarin tsofaffin sojan Bama da ka ce kun taso kuna gani a unguwa. Na faɗa musu cewa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Bama, cewa Hausawa suna da yawa a cikinsu, kuma har yau akwai barikin Chindit a Zariya da ke ɗauke da sunan wata rundunar wancan yaƙi. Babu yaro ɗaya da ya taɓa jin haka. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce kakan babansa ma ya yi yaƙin Bama a cikin sojan Indiya, lambarsa tana nan a gidansu. Baba, sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Kakan wannan yaro da kakannin yaran ajina wataƙila daji ɗaya suka kwana, ruwa ɗaya ya dake su, jikokinsu kuma ba su san da juna ba. Mun sa wannan a matsayin aikin shekara ta biyu.

Sauran zaman namu a kan ƙananan abubuwa ya tafi, kuma na lura su ne ke raya irin wannan aiki ko su kashe shi. Yanzu agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai muke tafiya. Na gaya musu ranar Juma'a da wuri muke tashi, kuma azumi mai zuwa zai kama daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris, don haka ziyarar karofi sai a yi ta kafin nan. Sun so a riƙa haɗa yara ta bidiyo kai tsaye duk mako. Na ce intanet ɗinmu ba abin dogaro ba ne, kuma yara fiye da ɗari ba za su taru a kan waya ɗaya ba. Muka daidaita cewa takarda da muryar da aka ɗauka su ne ginshiƙi, hira kai tsaye kuwa sau ɗaya a zango, mu ari majigi.

Suna da tsauri ƙwarai a kan kare yara. Ba a ɗaukar hoton yaro sai da izinin iyayensa a rubuce, kuma babu yaron da zai ba wani lambar waya ko adireshi, komai ta hannun malamai zai bi. Na ce na yarda, da sharaɗin dokar ta hau kan namu kamar yadda ta hau kan nasu. Ba za a ɗauki hoton yaranmu a zaune a ƙasa a manna a bango don a ba mutane tausayi ba. An rubuta wannan a yarjejeniya, kuma shi ne layin da na fi alfahari da shi. Yarjejeniyar shafi biyu ce, ta shekara uku, za a duba ta duk ƙarshen shekara. Na dage a sa malamai biyu-biyu daga kowane ɓangare, don ka san halin aikinmu, takardar canjin wuri tana iya zuwa kowane lokaci. Maganar kuɗi ba mu rufe ta gaba ɗaya ba. Idan aikin da kansa ya buƙaci wani abu, kamar kuɗin aika wasiƙu ko buga littafin, za a raba gwargwadon ƙarfi, a rubuta, kwamitin makaranta ya gani.

Inda abin ya yi mini ciwo shi ne maganar ziyara. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar ba ta tafiya daidai. Suna da wani shiri tun 2021, Turing Scheme, da ke biya wa ɗalibansu kuɗin fita waje, sai dai bai shafi kawo na wasu ƙasashe ba. Kuma gwamnatinsu tana gargaɗin mutanenta game da zuwa jihohin arewa da dama, har da Kano, abin da ke sa makaranta ta yi nauyin ƙafa wajen tura malami. Abokiyar aikina tana son zuwa ƙwarai. Na gaya mata gaskiyar yadda muke zaune, ban ƙara ba ban rage ba, muka rubuta cewa za a nemi hanyar da malamansu biyu za su rama ziyara kafin wa'adin ya cika.

A cikin aji na tsinci dabarun da ba sa cin ko kwabo. Wadda ta fi kama ni ita ce idan malama ta yi tambaya ba ta karɓar amsa nan take, sai ta ce kowa ya juya ya tattauna da na kusa da shi, sannan ta zaɓi wanda zai faɗa. Ta haka mai kunya ma sai ya buɗe baki, kuma wannan zai yi aiki ko a aji irin nawa. Su kuma sun roƙe ni in nuna musu yadda muke sa yara hadda da amshi, da yadda ake jan tatsuniya har yara su riƙa karɓa.

Akwai abu na ƙarshe da ya tsaya mini a rai, kuma shi ne na fi son jin ra'ayinka a kai. A watan Yulin 2001 an yi mummunar tarzoma a garin nan. Binciken da aka yi bayanta ya nuna al'ummomi suna zaune kusa da juna amma rayuwarsu ba ta haɗuwa. A wannan shekarar aka fara haɗa makarantun cikin gari biyu-biyu, aji da aji, waɗanda yaransu suka bambanta ta asali ko addini ko unguwa. Aikin ya girma ya zama ƙungiyar da ake kira The Linking Network, ya bazu zuwa wasu sassan Ingila. Yaran sukan fara haɗuwa a wurin da ba na kowa ba, kamar gidan tarihi, daga baya su ziyarci makarantun juna, suna bin tambayoyi huɗu: wane ne ni, su wane ne mu, a ina muke zaune, yaya za mu zauna tare. Da na ji haka sai na tuna cewa yaran ajina za su rubuta wa yaran Bradford wasiƙa, alhali yawancinsu ba su taɓa zama benci ɗaya da yaron Sabon Gari ba, ga shi kuwa tafiyar Adaidaita ɗaya ce tsakaninmu. Wannan ba ya buƙatar fasfo ko biza. Ina so idan na dawo in nemi wata firamare a can mu gwada, mu fara haɗuwa a Gidan Ɗan Hausa. Na san za a sami iyayen da za su ɗaga gira, ta ɓangaren biyu kuwa, kuma kai ka fi ni sanin yadda ake shawo kan irin wannan.

Don haka Baba ga roƙona. Ka taimaka ka yi wa Kawu magana, shi da abokansa da suka yi aikin masaƙa, ko za su yarda yara su zo su ɗauki labarinsu. Idan maganar ta fito daga bakinka ba za su ƙi ba. Ka kuma tuna mini cikin tsofaffin ɗalibanka ko akwai mai hanya da marinan Ƙofar Mata, don a nemi izini yadda ya kamata kafin mu kwashi yara mu je. Sannan ina so ka raka ni ranar da zan yi wa kwamitin iyaye bayani. Na san wasu sun sa rai zan dawo da kwamfutoci, kuma idan suka ga takarda shafi biyu kawai a hannuna ransu ba zai yi daɗi ba. Dattijo irinka idan ya ce ya duba abin ya gamsu, za su saurara.

Ka gaishe mini da Umma, ka ce mata yajin da ta ƙulla mini ya yi rana. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Auta, da Inna idan an je. Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan kamo hanya, zan sanar da ku lokacin saukar jirgi. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
'Yarka